Tsani

A hawa na uku, a Arakaju,
inda iskar teku ke shigo mana da gishiri ta taga,
akwai wani tsani da bai wuce ƙirjina ba.
Litinin, Laraba, Juma'a,
nakan ɗaura wa ɓeraye dalma a wutsiya
in ce musu, ku hau.

Lamba ake ba su, ba suna ba, haka dokar ɗakin take.
Amma na sha bakwai, mai yagaggen kunne,
a ɓoye Malalaci nake ce masa.
Yakan tsaya a tsakiyar tsani ya waiwayo,
kamar mai tambayar laifin da ya yi mini.

Mako takwas muna haka.
Yau nauyin goro, jibi nauyin ƙwai,
har kafaɗunsu suka cika mini tafin hannu.

Sai ranar da Dakta Ubiratan ya sa safar hannu.
Ya sa su barci,
ya zura zaren da bai kai kaurin gashi ba,
ya shaƙe jijiyar da ke shayar da zuciya.
Minti talatin. Ni ke riƙe da agogo.
Sannan ya kwance.

Kwancewar nan ce ke hana ni barci.
Kowa ya san fari yana kisa,
amma ruwan da ya dawo a guje kan busasshiyar ƙasa
shi ma yana da nasa gawarwakin:
ya ci gaɓa, ya tuge shuka,
ya bar laka har ƙarƙashin gado.
Jini ma haka yake dawowa.

Babana Jurandir ya ja bas shekara talatin da ɗaya.
Bayan sitiyari da kofin gahawa
ban taɓa ganin ya ɗaga komai ba.
A tasha ya faɗi, da hularsa a hannu.
Likita ta fito tana murmushi:
mun buɗe hanya, jini ya koma.
Muka kunna kyandir a coci, muka kira dangi.
Kwana biyu,
zuciyar ta ajiye aiki ba sallama.

Yanzu ga ni gaban faranti,
ina jera zukata yanka-yanka cikin rini.
Ja na nufin rai.
Fari na nufin nan aka makara.
Waɗanda suka yi zaman keji suna ci suna kwanciya,
farinsu ya kai farcen ɗan yatsana.
Mahaya tsani kuwa, ƙwayar shinkafa,
wani ma tsaki.
Na sha bakwai na cikinsu.
Na rubuta lambarsa a littafi,
na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Ɓera ba mutum ba ne, Irasi,
Dakta yakan faɗa ba tare da ya ɗago kai ba.
Na sani.
Amma ran Asabar na je bakin teku
na cika gorunan lemo biyu da yashi,
na hau bas da su, layin da babana ya saba bi,
na dire su gaban mahaifiyata a baranda.

Valdete ta dube su, ta dube ni.
Ta ce, yanzu kuma ni ce ɓeran?
Na ce, ɗaga sau takwas, ki huta.
Ta ce, na ɗauke ki wata tara ban huta ba.
Ta ɗaga.

Hannunta na rawa kamar igiyar shanya,
fatar damtse na lilo,
tana zagina ƙasa-ƙasa tana ƙirge.
A na biyar ta tsaya ta waiwayo ni.
Na san wannan kallon.

Ban ɗaura mata alkawari ba,
ba ni da shi.
Wata rana zaren zai iya zuwa, ba da hannun kowa ba,
jini ya tsaya, jini ya dawo da haukarsa.
Ina so dai ya tarar da gida mai katanga.

Shida, ta ce.
Bakwai.
Ke, ɗora mana ruwan gahawa,
sauran ɗaya.